Gahawar Ya Safiya

Mandawari, Kano
Farkon Maris

Zuwa ga Yayana Alhaji Ashafa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya Falmata da yara, kuma kasuwar huluna tana tafiya. Mu ma lafiya lau, sai zafi da ya sauko tun lokacinsa bai yi ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ka san gidan nan, in na yi tari a ɗakina ana ji a zaure, kuma wadda zan yi maganarta tana kwance a ɗakin da ke jikin nawa. Shi ya sa na ba Nura direba, tunda zai koma muku Maiduguri da motar kaya.

Yaya, na gaji. Tun ranar da muka ɗauko Ya Safiya daga filin jirgi, cikin waɗanda aka koro daga Saudiyya, da jaka ɗaya da takalmin roba, ban huta ba. Ban ƙi ta ba. Ita ce babbarmu, ita ta goya ni, kuma ban manta da abayoyi da dabinon da take aiko mana duk shekara ba. Amma matar da ta dawo bayan fiye da shekara ashirin a Jidda ba wadda na sani ba ce.

Ba ta fita ko ƙofar gida. Maƙwabta sun yi ta shigowa yi mata sannu da zuwa, sai ta amsa tana kallon saman kansu, har wasu sun daina. Malam Sani, mijina, wanda ya ba ta ɗaki a gidansa, zai ɗaga mata hannu daga bakin zaure ta wuce shi kamar ba mutum. Ba ta taɓa tsintsiya. In aka gusar da butarta ko takalminta daga inda ta ajiye, ranar sai faɗa. Ni kuwa in dawo daga makaranta maƙogwarona a bushe saboda ihun 'yan aji uku, in tarar da ita zaune tana jiran in haɗa mata gahawa. Ba ma irin tamu mai zafi ba, wai mai ƙanƙara, irin wadda take yi wa mutanen gidan da ta yi wa aiki.

Gidanka ya fi namu fili, kuma kana da masu taya aiki. Don Allah ka duba ko za ta zo wajenka, ko na wata biyu ne.

Ka gaishe min da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Hasana

Mandawari, Kano
Ƙarshen Maris

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, kuma ciwon gwiwar Hajiya ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso ta bakin Nura, cewa in ƙara haƙuri zuwa bayan Sallah. Na ji. Ya kuma ce ka yi dariya da ka karanta zancen gahawa, ka ce shayi ne kawai da ƙanƙara. To bari in gaya maka yadda ake yin shayin nan.

Da farko sai na shiga kasuwar Kurmi na nemo ɗanyar ƙwayar gahawa, don ta ce ta gwangwani ƙasa ce aka niƙa. In haɗo da kirfa da kanumfari da busasshiyar citta, da wata 'yar koriyar ƙwaya mai ƙamshi da take kira hel, wadda sai da na zaga rumfuna da yawa kafin na samu. Ƙwayar a kasko ake soya ta, a kan garwashi, ba ta yarda da gas ba. Ina juyawa hayaƙi na shiga min ido, ita tana zaune a bakin ƙofarta ba ta ko leƙo kaskon, sai dai in ji ta ce, "Sauke, ta yi." In na ƙara juyi ɗaya ta ce na ƙona.

Daga nan sai daka a turmi. Hel kuma fasa shi kawai ake yi, ba a niƙewa. A tafasa ruwa da kirfa da citta, a zuba garin, a sauke kafin ya yi bori. Kanumfari ƙwaya kaɗan, in ya yi yawa ta ce na dafa mata maganin haƙori. Sukari ba ya shiga, sai dabino da aka jiƙa aka dama. A tace da farin ƙyalle, a zuba a kwalba, a tsoma kwalbar cikin randa har ta huce. In ka zuba da zafinta a kan ƙanƙara, ta ce ka yi ruwan wanke kasko. Madara ce ƙarshe.

Ƙanƙarar ma aiki ce. Firjinmu ya zama kabad tunda wuta ba ta zama, sai na sa mayafi na je bayan masallaci gidan da suke da sola, in dawo da sauri da ita a kula kafin ta narke. Duk wannan kafin in ɗora tuwon dare, kafin in duba littattafan yara.

Shekaranjiya abin ya kai ni bango. Na gama komai na miƙa mata tambulan, ta bar ni tsaye da hannu a miƙe, ba ta karɓa ba sai da na ce "ungo". Ta kurɓa ta ce citta ta yi yawa. Na ce mata, "Ya Safiya, nan ba Jidda ba ce, ni kuma ba 'yar aikinki ba ce. Ga kicin nan, mai so ya haɗa da kansa." Ta ajiye tambulan a ƙasa a hankali ta shige ɗaki.

Malam Sani ya ce ban kyauta ba, yayata ce. Na san da haka. Amma ban je na ba ta haƙuri ba, kuma jiya da yau ban hura garwashi ba. Gaskiya ban ji daɗi ba, ban kuma ji zan iya tashi ba.

Bayan Sallah ya yi nisa, Yaya. Ka sake dubawa.

Taka,
Hasana

Mandawari, Kano
Afrilu

Yaya Ashafa,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ranar Talata ciwon kai ya sa na nemi izini na baro makaranta tun kafin azahar. Na shigo ban yi sallama da ƙarfi ba. Daga bakin zaure na hango Ya Safiya a kicin, ita kaɗai, abin da ban taɓa gani ba. Ta hura wuta, ta soya ƙwayar, har ta daka. Na tsaya ina kallo, a raina ina cewa ashe ta iya, ni ce dai aka mayar baiwa.

Sai na lura da hannunta. Gwangwanayen kayan ƙamshi suna jere a gabanta, amma ba dubawa take yi ba, lalubawa take. Ta ɗauki ɗaya ta buɗe ta kai hanci, ta mayar, ta ɗauki wani. Da ta zo tacewa ta shafa bakin kwalbar da yatsa, ta ɗaga tukunyar, ta tsiyaya gahawa mai tafasa a gefen kwalbar, a kan ƙafarta. Ba ta yi ƙara ba. Ta ja ƙafar kawai ta ci gaba da neman bakin kwalbar.

Na tako har tsakar gida na tsaya cikin rana, kusa da ita ta gefen hagu. Ta juyo ta wajena ta ɗauki murfi, ta koma. Ba ta san ina wurin ba.

Na ce, "Ya Safiya."

Tukunyar ta kusa suɓuce mata. Ta ce, "Tun yaushe kike nan?"

Na zaunar da ita na zuba wa ƙafar ruwan randa. Can ta ce, "Na hagu ya tafi tun ina can. Na dama kuma kamar mai leƙe ta kafar makulli, abin da ke gabana daidai kawai nake gani." Ta ce ranar da aka kama ta tana talla a bakin titi, sauran masu tallan duk sun hango motar jami'ai sun watse, ita ba ta gan ta ba sai da aka riƙe mata hannu.

Na ce me ya hana ta faɗa, wata da watanni muna gida ɗaya. Ta ce, "Hasana, mai ido ma in ta dawo hannu rabbana nauyi ce. Na ce bari in ga ko za ku iya da ni a haka tukuna." Wai gara a ce mata mai girman kai da a ce mata makauniya.

Ka ga mutanen da take kallon saman kansu, da Malam Sani da take wucewa, da butar da ba a taɓawa. Ni da nake kwana da ita gida ɗaya ban gane ba, ina can ina ƙirga laifinta.

Ranar ni na ƙarasa haɗa gahawar da abin da ya rage a tukunya. Na je na sayo ƙanƙara, na sa mata tambulan a cikin tafin hannunta. Ta ce in ɗauko wani in raba biyu. Ka san duk wahalar nan ban taɓa ɗanɗanawa ba, haushi ba ya barina. Tana da daɗi, Yaya. Ɗaci kaɗan, sai zaƙin dabino, sai ƙamshin hel ya biyo baya, sanyin kuma har cikin kai. Ta ce min a gidan da ta yi aiki ita ke haɗawa kullum, amma sai abin da ya rage a ƙasan tukunya take sha, a tsaye.

Ƙafar ta tashi amma da sauƙi. Malam Sani ya karɓo mana kati a asibitin ido, ranar Litinin za mu je. Da na gaya masa, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya je bakin ƙofarta ya yi sallama da murya, ya faɗi sunansa. Ta amsa masa har da tambayar aiki.

Ku sa mu a addu'a.

Hasana

Mandawari, Kano
Mayu

Zuwa ga Yayana Alhaji Ashafa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya, na kuma gode da zumar da ta aiko. Ya jikin yara da wannan zafi? Allah Ya kawo mana damina lafiya.

Mun je asibiti, mun kuma komawa. Likita ta ce hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin ta. Na hagu ba zai dawo ba. Na dama an ba mu maganin ɗigawa safe da yamma don a riƙe abin da ya saura, amma ta faɗa min a gefe cewa an zo a makare, kada in sa rai da yawa, ɗan abin da take gani zai iya rufewa ko yaushe.

Ba zan ɓoye maka ba, aikin ƙaruwa ya yi. Ranar asibiti tun da sassafe muke fita neman adaidaita, mu wuni a layi, ga shugaban makaranta ya fara yi min maganar yawan neman izini. Halinta kuma yana nan. Jiya ta ce hannuna yana rawa in ina ɗiga mata magani, kamar mai yayyafa wa kaji tsaba. Wani lokaci in na kwanta bayana har zugi yake.

Likita ta ce ta rage gahawa, don haka yanzu sai ranar Juma'a. Ita ke haɗawa, ni ce idonta. Ina miƙa mata gwangwani, ita ke ɗiba da yatsu, ni ke tsiyayawa. Maƙwabtan da suka yi fushi sun dawo da suka ji dalili, har Juma'ar da ta wuce tambulan bai ishe mu ba sai da aka haɗa da kofunan shayi. Na ji dariyarta ranar, irin wadda take yi muna yara.

Nura ya ce ka shirya turo mota a ɗauke ta, har Hajiya ta gyara ɗaki. Allah Ya saka da alheri. Ni na roƙa, amma yanzu ina roƙon ka bari. Ta riga ta haddace gidan nan da hannu da ƙafa, ta san inda randa take, ta san tudun bakin banɗaki. In aka kai ta sabon wuri, daga farko za ta fara, cikin duhu. Na tambaye ta ko tana son tafiya, ta ce in na gaji da ita ta tafi. Na ce na gaji, amma ba za ta tafi ba.

Abin da nake so daban ne. Shekaranjiya muna zaune ta tambaye ni ko ka yi furfura. Na ce gemunka duk ya yi fari, har ka fara kama da Baba. Ta ce ita ba ta iya kawo hakan a ranta, Ashafan da ta sani saurayi ne siriri da ya raka ta tasha yana riƙe mata jaka. Sannan ta ce, "Ko hotonsa a wayarki ba na rarrabewa, ƙanƙane ne."

Yaya, na san kasuwa, na san hanya ba daɗi. Amma kada ka jira Sallah. Ka biyo Nura a zuwansa na gaba, ko kwana ɗaya ne. Ka zo da rana, ka zauna a gabanta daidai, kusa, ta gefen dama, ta gan ka tun tana iya gani.

Malam Sani yana gaishe ka. Ya Safiya ba ta san na rubuta wannan ba.

Ni ce ƙanwarka,
Hasana