'Ya'yana Biyu Za Su Kare Digiri Rana Ɗaya, Wurin Wa Zan Je?

Malama, don Allah ki taimaka mini da shawara, kwana ashirin da uku suka rage mini kuma na kasa yanke abin da zan yi. Na san wani zai karanta ya ce wannan tsoho alfahari kawai ya zo yi a jarida. Ba zan musa ba, akwai alfaharin a ciki, amma akwai abin da ke cin raina.

Sana'ata naɗin koyil ce. Shekara talatin da takwas ina shago ɗaya, ina kwance fanka da injin ruwa da janareta, in cire wayar da ta ƙone in naɗa sabuwa. Karatuna bai wuce firamare ba. Allah Ya ba ni 'ya'ya biyu kacal, namiji da mace, kuma ga shi dukansu sun kai ƙarshen digiri na uku.

Auta, wato macen, tun tana shekara biyar take bi na shago. In na fasa tsohuwar lasifika sai ta ɗauke maganaɗisun tana bin ƙasa da shi, tana tsince mini ƙusoshin da suka zube. Ta ishe ni da tambayar me ya sa yake kama ƙusa amma ba ya kama jar waya. Ni kuwa ban sani ba, sai in ce haka Allah Ya yi shi. Yanzu ita ke ba ni dalili. Fiziks ta karanta, kuma bincikenta a kan maganaɗisun da ba ya rasa ƙarfi ne idan inji ya ɗauki zafi. Takan haɗa garin ƙarfe iri-iri, ta danne shi ya zama kamar ƙwayar magani, ta gasa, ta auna. Ta yi fiye da ɗari kafin ta dace da guda uku. In tana bayani ina gane rabi, don na san yadda inji yake sanyin jiki in ya gasu. Sunana ta sa a shafin farko na kundinta, kuma tun shekara biyu da suka wuce na yi mata alkawarin zan zauna a zauren ranar da za ta kare shi gaban malamai.

Yayanta kuma harkar gudanar da otal ya karanta. Gaskiya ban so ba. A tunanina na da, otal ba wurin da ɗan mutunci zai yi rayuwarsa ba ne. Ya yi shekara uku yana karɓar baƙi a wani otal, sannan ya koma jami'a.

Ga inda na yi ɓarna. Shekara huɗu ke nan, abokaina uku suka zo mini gida, ɗaya ya tambaye ni me yaran ke yi. Na fi minti goma ina zuba a kan Auta. Da aka zo kan yayanta sai na ce shi kuma yana can yana digirin shimfiɗa gado da ɗaukar tire. Aka yi dariya. Yaron kuwa yana tsugune a gabanmu yana zuba mana shayi, shi ma ya yi dariyar, ya ƙarasa zubawa ya fita. Daga ranar bai sake yi mini zancen aikinsa ba. Gaisuwa ba ta fasa ba, hidima ba ta ragu ba, amma in na tambaya sai ya ce lafiya lau, Baba.

Watan jiya aka kira ni gyaran injin ruwa a wani otal. Manajan ya ga sunana a takardar aiki, ya tambaya ko ni ne mahaifin wane. Da na ce ni ne, sai ya ajiye abin da yake yi ya zagaya da ni. Ashe yaron nan ya zauna da masu shara da masu girki da masu gadi sama da ɗari biyu, a otal-otal daban-daban, yana neman dalilin da ya sa suke barin aiki. Ya gano da yawansu rashin sanin ranar hutunsu ne ke korarsu, da rashin wurin da za su zauna su ci abinci, da yadda ake kiransu da kai ko ke ba suna. Manajan ya nuna mini abin da suka yi bisa shawararsa, wani ɗaki mai benci biyu da fanka, da allon da aka rubuta hutun kowa na wata guda. Ya ce da, kusan duk wata sai ya nemi sababbin ma'aikata, bana mutum biyu ne kawai suka tafi. Wata dattijuwa mai wankin zannuwan gado ta baro aikinta ta zo ta gaishe ni, ta ce in gaya wa ɗana ta halarci bikin kammala makarantar jikarta saboda allon nan. Malama, sai da na koma bayan injin na goge ido. Na dawo gida, amma har yau ban iya gaya masa na je ba.

Yanzu an sa wa 'ya'yan nawa kare kundinsu rana ɗaya, safiya ɗaya, a garuruwan da ke da tafiyar yini guda tsakani. Dukansu sun nemi a ɗaga, bai yiwu ba. Mahaifiyarsu ta ce duk inda ban je ba can za ta, amma ba za ta zaɓa mini ba, wai ni na ɗaura ni zan kwance. Shekaranjiya yaron ya kira ni ya ce in tafi wurin Auta kawai, nata zan fi ganewa, nasa surutu ne. Da murmushi ya faɗa, na ji a muryarsa, kuma maganar ta fi zagi yi mini ciwo.

In karya wa Auta alkawari, ko in bar shi ya ci gaba da ɗauka ban ɗauke shi a bakin komai ba?

Mai Naɗin Koyil

AMSA

Baba, kafin komai ina taya ka murna. Ka yi alfaharinka, ka cancanta. Da hannun da ke naɗa waya ka raini daktoci biyu.

Auta tana da gaskiya a hannunta. Ka yi mata alkawari, ta sa sunanka a kundinta, kuma ba ita ta yi laifin da ake son gyarawa ba. Bai dace a cire mata haƙƙinta a ɓoye don a rarrashi wani ba. Shi kuma yayanta ya yi shekara huɗu yana riƙe da magana ɗaya ba tare da ya rage maka ladabi ba. Da ya ce ka tafi wurin ƙanwarsa, sauƙi yake nema maka, kuma yana kare kansa daga sa ran abin da yake ganin ba zai samu ba.

Abu na farko, kada ka jira ranar. Cikin makon nan ka same shi, ku biyu kawai. Ka gaya masa ka je otal ɗin, ka ga ɗakin da allon, ka isar masa da saƙon dattijuwar nan, don amana ce ta ba ka. Sannan ka ambaci maganar tiren da bakinka ka ce ka yi kuskure. Kada ka ce wasa kake yi, ya san wasa ne, kuma duk da haka ta yi masa ciwo. Tunda a gaban abokanka ka faɗa, ka nemi ranar da za su sake zama a gidanka yana nan, ka ba su labarin aikinsa kamar yadda ka ba ni.

Bayan haka ka kira Auta ka gaya mata komai, har abin da ba ka so ta sani. Ka roƙe ta ta sauke maka alkawarin, kada ka sanar da ita kamar ka riga ka gama yanke hukunci. Ka ce za ka zo mata mako guda kafin ranar, ka yini a ɗakin gwajinta, ka gaisa da malaminta, ta yi maka bayanin gaba ɗaya kai kaɗai kana yi mata tambayoyin mai shago. In ta ce a'a, ka cika alkawarinka da zuciya ɗaya, yayanta zai fahimta tunda kun riga kun yi magana.

In kuwa ta amince, ra'ayina ka tafi wurin ɗanka, mahaifiyarsu ta tafi wurin Auta. Auta ba ta taɓa shakkar matsayinta a wurinka ba. Shi ne yake bukatar ya ɗaga kai ya gan ka. Ka isa da wuri, ka zauna a inda idonsa zai kai, ko da rabin Turancin zai wuce ka.

Allah Ya ba su nasara su biyun, Ya ja kwananka ka daɗe kana ba da labarinsu.