Kirarin ƙanena za su ba wanda ya karya shi

Salamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Ban yi boko ba, murya na tura aka rubuta mini. Don Allah ku ba ni shawara.

Ekip ɗin ƙwallon unguwarmu a nan Malanville ta ɗauko sabon ɗan gaba daga Gaya. Shi ne mutumin da ya karya wa ƙanena ƙafa bara waccan.

Ni ɗan dako ne a kasuwar albasa. Ranar wasa kuma ni ne mai gangar ekip. Ba gado na yi ba, hannu ne ya faɗa. A wurinmu ɗan wasa bai zama namu ba sai ganga ta kira shi. Ko an ba shi riga, in bai shigo fili na kaɗa masa kirari jama'a sun amsa ba, baƙo ne. Kowa da nasa kirarin, kuma ni ke yin shi.

Ƙanena shi ke sa lamba tara. Ni na rene shi bayan rasuwar iyayenmu, da wuyan nan da buhu ya cinye. Yana yaro sai ya nutse a kogi ya ɓullo kamar kada kusa da mata masu wanki, su watse suna zaginsa. Tun lokacin nake ce masa, kada ya fito, mai wanki kwashe kayanka. Da ya fara ƙwallo sai na ɗora maganar a kan ganga. In na kaɗa kada ya fito, fili gaba ɗaya ya amsa. Kun ga ba a fili aka haifi kirarin nan ba, daga gidanmu ya fito.

Ranar da abin ya faru muna wasa da 'yan Gaya na ƙetaren gada. Wannan mutumin, bari in kira shi Dogo, ɗan gaba ne, tare mutum ba aikinsa ba ne. Amma ya biyo yaron tun daga tsakiyar fili, ƙwallo ta riga ta bar ƙafarsa, ya shiga masa ta baya da ƙafa biyu. Ina bakin layi da ganga, na ji ƙarar ƙashin. Sai da jandarma suka raka Dogo har gada, don mutanenmu sun ɗebi duwatsu. Akwai wani mai shayi da ya fi kowa kuka, ya rantse in Dogo ya sake taka garin nan ba zai koma da ƙafarsa ba. Mun kai yaron wurin mai ɗori a Garou. Ƙafa ta haɗe a karkace. Yanzu yana zaune bakin titi yana sayar da man moto a kwalabe, 'yan zem masu haya da babur ne masu sayensa. Dogo ko sannu bai aiko ba.

Da ƙanena ya kwanta, ekip ta daina ci. An sha mu an sake shan mu. Sai Alhaji shugaban ekip ya haye Gaya ya dawo da labari. Ku zo ku ga mutane. 'Yan zem suka yi jerin gwano suka tarbo Dogo daga bakin gada, oda kamar an kawo amarya. Mai shayin nan da ya yi rantsuwa, shi ya ɗauke shi a wuya. Na gan shi da idona, yana haki yana murna, takalmin Dogo na dukan ƙirjinsa. Yanzu har shayi mai kauri ya sa wa suna Dogo. Wani ya ce a gabana, ai wanda ya iya karya na mutane gara ya zama namu. Aka yi dariya. Na tofar da yawu na koma bakin kamiyo, babbar motar da muke wa lodi. Wallahi ruɓaɓɓiyar albasa ta fi wurin nan ƙamshi a hancina.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Na haɗiye abin da ya fi wannan a rayuwa. Sai ga Alhaji ya same ni a kasuwa da 'yan rakiyarsa. Ya ce ranar Lahadi Dogo zai fara wasa, in shirya ganga. Na ce ban yi masa kirari ba. Ya ce ai akwai, na kada. Wai jama'a sun saba da shi, shi ke tsorata abokan gaba, kuma kirarin na lamba tara ne ba na mutum ba, duk wanda ya sa rigar ya gaje shi. Na ce gado sai an mutu, yaron yana nan da ransa bakin titi. Ya ce kai matsalarka riƙo, ƙwallo ce, ba a kai ta lahira. Ya ƙara da cewa in ba zan kaɗa ba akwai makaɗi a Gaya, kiɗan ba ɓoyayye ba ne, yara ma suna buga shi a kan galan. Na sunkuya aka ɗora mini buhu.

Washegari suka kai Dogo wurin ƙanena, wai sulhu. Da waya a ɗage suka je. Dogo ya ce a yi haƙuri, tsautsayi ne, idonsa na kan mai ɗaukar hoto. Yaron ya miƙe da ƙyar ya ba shi hannu, har da murmushi. Hoton ya zaga gari, ana ta rubuta zaman lafiya a ƙasansa. Babu wanda ya ce ya zauna, ƙafarsa na ciwo.

Da muka zauna cin tuwo ƙanena ne ya fara maganar. Ya ce Yaya ka kaɗa musu. Ya ce duk masu sayen mansa 'yan ekip ne, tun da aka ji na ƙi, wasu sun fara wuce shi su sha mai a gaba. Ya ce shi ya yafe, shi ma yana so mu ɗauki kofi. Na kusa yarda. Muna cikin haka wasu yara suka wuce ƙofar gida suna buga galan, kada ya fito, Dogo ya fito. Lomar da ke hannunsa ya mayar cikin kwano. Ya wanke hannu ya ce ya ƙoshi. Ni na rene shi, na san ƙoshinsa.

To ga inda na tsaya. In na kaɗa, da hannuna na cire sunan da na sa masa tun yana yaro na liƙa wa wanda ya gurgunta shi. In na ƙi, baƙo zai kaɗa shi duk da haka, kuma yaron ne zai zauna da kwalabensa a rana ba mai tsayawa. Na yi tunanin in yi wa Dogo wani kirarin dabam, na zauna na nema, duk abin da ya zo bakina zagi ne. Ban taɓa kaɗa wa mutum abin da ba ya cikina ba.

Ku da kuka yi karatu, da ku da kuka san ƙwallo, ku gaya mini. In bi bakin yaron, ko in bi hannunsa da ya mayar da loma? Kada wanda ya ce mini in yi haƙuri kawai, na san haƙuri, shi nake ɗauka a ka tun safe. Ku faɗa mini abin da zan yi da ganga.

Lahadi ta matso. Yanzu haka ina kasuwa, a inuwar kamiyo. Gangar na gefena cikin buhun albasa, na sassauta mata tsirkiya, ban ɗaure ba kuma ban yanke ba.