Shanyar Shinkafa a Filin Kawu Dehai

Zuwa ga Kawu Dehai,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan gwiwarka ta yi sauƙi, ina alfaharin sanar da kai cewa, bisa hazaƙar da jami'a ta wasa mini, na shawo kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta babban birnin lardi. Za su zo ƙauyenmu ranar Asabar, kocinsu ya zaɓi mutum ɗaya cikin matasan da kake horarwa. Sai dai akwai al'amari mai zubar da martaba: shinkafar da tsofaffi ke shanyawa a filin wasa. Wajibi ne a kwashe ta tun Alhamis. Gwarzo irinka da ya gigita titunan birnin Guangzhou da ƙwallon kwando shekara goma sha biyu bai cancanci a tarar da shi riƙe da manjagara ba.

Ɗanka mai biyayya,
Zhiyuan

Zhiyuan,

Ina gaishe ka. Gwiwa da sauƙi. Filin nan masussukar tsofaffi ce. Da na dawo gida, ɗaya daga cikinsu, Iya Pan, ta ce, "Kafa kwandonka, Dogo, amma rana tamu, yamma taku." 'Ya'yansu duk suna masana'antun birni. Shi ya sa ba mai taɓa ƙwallo sai ya ɗura buhu biyar ya kai gidan mai shi. In aka kwashe shinkafar ɗanya, ruɓewa za ta yi. Ba zan kwashe ba. Ka riƙa cin abinci.

Kawunka

Kawu mai daraja,

Ina gaisuwa cikin ƙanƙan da kai. Da muka iso muka tarar da shinkafa shimfiɗe, ga hadari ya haɗo, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka dai ji Iya Pan: "Mai digiri, kallo ka zo yi? Ɗaga!" Abin da ba ka ji ba shi ne jawabin koci a motar bas. Ya ce ya ga yaronka Jinbao ya kai buhu tara kafin ruwa ya sauko, sannan ya buga wasa har ƙarshe bai yi haki ba. Shi ya zaɓa. Ya tambayi wace makaranta ta ƙirƙiro wannan horo. Na miƙe tsaye na ce, "Kawuna ne." Ka ajiye mini manjagara.

Ɗanka,
Zhiyuan

Zhiyuan,

Gaisuwa. An ajiye. Iya Pan ta ce buhu biyu ka kai. Saura uku kafin ka taɓa ƙwallo.

Kawunka