Gogenka a Bangon Dubai

Yaya Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Na san ba a kai wasiƙa inda kake, amma in ban faɗa maka ba zuciyata za ta fashe.

Gida lafiya. Inna na fama da gwiwa, matarka Hajara ta gama takaba ta koma wurin iyayenta. Ni kuma wata huɗu ke nan ina kaɗa kalangu a wani otal a unguwar Port Saeed, nan Dubai, baƙi na cin kifi, ba mai ɗaga kai.

Jiya na ga gogenka. Na shiga wani ɗakin nunin zane-zane don in huta da zafi, sai ga shi a bango, an rataye shi kai ƙasa. Kai ƙasa, Yaya! Da jar fatar nan na gane shi, wadda ka ɗinke ƙoƙon da ita bayan motarmu ta faɗi a hanyar Gusau. A takardar da ke gefensa an rubuta wai ba a san wanda ya ƙera shi ba.

Ba a sani ba? Ni na sani, don ni na ba da shi. Na ce wa Inna sace shi aka yi, ƙarya ce. Baturiyar nan da ta ɗauke ka a fim na miƙa wa, ta rantse duniya za ta ji sunanka. Na kalli fim ɗin. Gogenka ke kuka tun daga farko har ƙarshe, amma da aka jero sunaye, har na direbanta, kai sai aka rubuta kiɗan gargajiya. Gargajiya ce ke tashi da zazzaɓi ta tafi biki? Gargajiya ce yatsunta suka yi kanta?

Kai ma ina jin haushinka. Sau nawa na ce ka ƙona sunanka a ƙoƙon, ka yi dariya, wai wanda ya ji ya san mai shi? To, a nan kallo ake yi, ba a ji.

Mai busa ƙaho a ƙungiyarmu ta makaɗan otal dattijo ne, baƙar fatar Amurka. Ya ce kakansa gwanin besbol ne, wasansu na bugun ƙwallo da kulki, a zamanin da aka hana baƙaƙe wasa da farare. Ya yi shekaru yana neman sunansa a littattafai, ko layi ɗaya bai samu ba. Yana faɗa yana murmushi. Ni ban iya wannan murmushin ba.

Yau na koma da biro. Mai gadin, wani Baba Isiyaku ɗan Zangon Kumasi, ya dube ni, ya dubi biron, sai ya juya yana kallon taga, ga shi aikinsa ne a kan siraɗi. Na soke rubutunsu, na sa: Ɗanlami na Inna, mai goge, Bakori.

Gobe za su canja takardar, na sani. Bizata da sauran wata biyu, biron ma bai ƙare ba.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka.

Ƙaninka da ya yi maka laifi,
Sale mai kalangu