Kunnen Baba da Lasifikar Coci

Zuwa ga Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, ina zaman Zuru? Ya maigida da jinjira? Mu nan Mafara lafiya lau.

Yaya, ƙarar injinan dam ta taɓa kunnen Baba. Waccan Lahadin lasifikar coci ta yi ta kuka bai ji ba, har dattawa suka fara zancen karɓe aikin kula da ita daga hannunsa. Ranar ko tuwo bai ci ba.

Jiya sai muka yi dabara. Na zauna bencin baya, in murya ta yi ƙasa in taɓa kallabina, in ta yi kuka in dafe ƙirji, Baba kuma ya murɗa maɓallin lasifikar. Yohanna na cikin mawaƙa ya zaci da shi nake, ya yi ta murmushi. Kunya kamar in nutse, sai ka ce a littafin soyayyar da kika bar mani!

Da aka tashi, Fasto ya ce har na waje sun ji wa'azi. A hanya Baba ya ce, "Uwata, kullum ki zauna wurin nan."

Ki sa kunnensa a addu'a. Ki gaishe da Inna.

Ƙanwarki,
Hannatu