Maganin Ɓarin Kan Baba

Lanzhou,
19 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Jinshan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Yumei da yara, ya kuma sa albarka a gidan abincinku na Kuala Lumpur. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Sanyi ya shigo da wuri bana. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zuwa kasuwa da ƙafarta, ko da yake ta ce mahautan yanzu ba su san rago ba. 'Yata Dongmei tana ajin ƙarshe, ba ma ganin fuskarta sai bayan littafi. Mahaifinta ya daina taba karo na huɗu, muna taya shi addu'a.

Yaya, ranar da na kira ka na ce a dakatar da Yaya Yumei daga shan maganin ɓarin kan Baba, ka tambaye ni dalili, na ce zan rubuto. Na ji a muryarka ranka bai so ba, har ka ce tun da na zama malamar jami'a na fara raina tukunyar da ta dafa ni. Ban yi fushi ba. Magana ce mai tsawo, kai kuma kana tsaye a kan tukunyar taliya masu saye na jiranka. Ga ta nan daga farko.

Ka san shekara da shekaru ina roƙon Baba ya bar mu gwada haɗin nan nasa a jami'armu ta maganin gargajiya, yana cewa abin da kakanmu ya bar masa ba ya bukatar shaidar kowa. Shekara uku da suka wuce ya yarda, ya auna mini saiwoyi da ganyayen nan tara da hannunsa. Muka tara mutum ɗari uku da goma sha biyu masu ciwon ɓarin kai, muka raba su gida biyu. Rabi suka sha na gaskiya, rabi suka sha wani gari mai launi ɗaya da ɗaci ɗaya wanda babu magani a cikinsa, kuma daga mu har su babu wanda ya san wa ke shan wanne. Da na yi wa Baba wannan bayani sai ya tambaye ni ko ƙarya ake koyarwa a jami'a yanzu, ya ce shi a garinmu Linxia mutumin da ya sayar wa mara lafiya garin banza duka yake sha, ba digiri ake ba shi ba. Da gangan muka saka masu irin ciwon Yaya Yumei a ciki, wato waɗanda garkuwar jikinsu ke juyowa tana yaƙar gaɓoɓinsu ko fatarsu ko ƙodarsu, domin da yawansu suna fama da ɓarin kai, kuma ba a cika tambayar yadda irin waɗannan magunguna ke yi musu ba. Mun ɗauki waɗanda ciwonsu ya lafa ne kawai, da izinin likitocinsu.

A watan Agusta aka buɗe sakamakon. Abin farin ciki shi ne maganin Baba yana aiki. Wanda kansa ke sara kwana takwas a wata ya koma kwana biyar, masu shan garin banza kuwa daga takwas zuwa bakwai suka sauko. Na zauna a ofis na yi ta kallon takardar, har na ɗauki waya zan kira shi. Sai abokiyar aikina Lu Wenjing, mai yi mana lissafi, ta ce in dakata in duba shafi na gaba. Masu ciwon garkuwar jiki su talatin da bakwai ne. A cikin goma sha tara da suka sha na gaskiya, bakwai ciwonsu ya tashi. A cikin goma sha takwas da suka sha na banza, mutum ɗaya. Ɗaya daga bakwai ɗin nan, Malama Kang, mai koyarwa a firamare, sai da ta yi mako uku a asibiti ƙafafu a kumbure saboda ƙoda. A lokacin da ta kwanta mun cire ta daga gwajin, amma mun ɗauka ciwonta ne kawai ya motsa kamar yadda yakan yi. Da na je gidanta na faɗa mata gaskiya, ta zuba mini shayi, ta ce tun tana budurwa kanta bai taɓa barinta ta huta ba sai a watannin nan, ta tambaye ni ko za ta iya ci gaba da sha ko da rabin cokali ne. Na ce mata a'a.

Shugaban sashenmu, Farfesa Dou, mutumin kirki ne kuma yana girmama Baba. Ya ce mutum talatin da bakwai ba yawa ba ne, yana iya zama dace, a saka abin a ƙaramin jadawali a ƙarshen rahoto, kada a ɓata labari mai daɗi da abin da bai tabbata ba. Gaskiyarsa ce cewa bai tabbata ba, har yau ba mu san wace saiwa ce ke yin haka ba, ko ma ba maganin ba ne. Amma Wenjing ta ce masa ƙarshen rahoto ba mai karantawa sai ita da mai buga shi, kuma in 'yarsa ce ke da ciwon a shafin farko zai so ya gani. Ya yi dariya, ya ce mata biyu sun fi ƙarfinsa, mu rubuta yadda muka ga dama. A shafin farko muka saka.

Daga nan sai abin da ya fi wuya. Na tafi Linxia ranar Juma'a, na bari ya dawo daga masallaci ya ci abinci. Na fara da mai daɗin, ya gyara zama ya ce ai ya faɗa mini, an ɓata shekara uku a gano cewa ruwa yana jiƙa. Da na faɗi ɗayan, ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce shekara arba'in da shida yana taɓa jijiyar hannun mutane, yau na'urar da aka saya shekaran jiya za ta koya masa aiki. Ya ce abin da babba ya hango daga zaune yaro ko ya hau dutse ba zai gani ba, kuma da wannan maganin aka saya mini takalmin makaranta. Na miƙe tsaye. Na ajiye masa takardun a kan tebur na fita. Mama ta raka ni bakin titi, ta cusa mini magarya a jaka, ta ce in ƙyale shi, ita ta san mijinta, ihunsa na rana ɗaya ne, shirunsa ne ake jira.

Kwana goma sha ɗaya babu labarinsa. Ran na goma sha biyu da hantsi mai gadin jami'a ya kira ni ya ce wani tsoho mai farar hula yana ƙofa da buhu biyu, ya ƙi a taya shi ɗauka. Baba ne, ya hau motar haya shi kaɗai. Buhunan cike suke da littattafan nan nasa masu baƙin bango da yake rubuta kowane mara lafiya a ciki, waɗanda yake dukan hannunmu in mun taɓa. Ya zauna a kujerata, ya ce ya bi su shafi-shafi tun daga na farko. Ya sami mata goma sha huɗu da suka zo masa da ɓarin kai alhali suna da kumburin yatsu ko jan ƙurji a kumatu, alamun ciwon garkuwar jiki, ya ba su maganin, ba su sake dawowa ba. A gefen sunan kowace ya rubuta cewa ta warke, domin a wurinsa wanda bai dawo ba ya warke ke nan.

Yaya, bai tsaya nan ba. Kafin ya zo, ya bi adireshin da ke littattafan ƙauye-ƙauye, mutum mai shekara saba'in da shida, ya sami biyar daga cikinsu. Ɗaya ta ce lafiyarta ƙalau, ta yi masa godiya. Uku suka ce bayan 'yan makonni jikinsu ya rikice suka tafi asibiti, kuma sun ji nauyin dawowa su faɗa wa dattijo irinsa cewa maganinsa bai karɓe su ba. Ta biyar mijinta ya tarar, ya ce ta rasu shekara tara da suka wuce, ciwon ƙoda. Na ce wa Baba babu mai iya cewa maganinsa ne, wannan ciwo yana kisa ko ba a sha komai ba, kuma gaskiya na faɗa masa. Ya ce ya sani, amma shi ma ba zai iya cewa ba shi ba ne. Ya bar mana littattafan mu yi aiki da su, ya ce a rubuta sunansa a rahoton, kuma ba a wajen da aka yabi maganin kaɗai ba. Na kai shi cin taliya, ya ce romon bai kai naka ba, ya koma da yamma.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Ka kai Yaya Yumei a gwada mata jini da fitsari a wannan makon, ko da ta ce ba ta jin komai, domin ƙoda ba ta yin ƙara da wuri. Na haɗo maka sunayen saiwoyin tara a takarda daban, ka nuna wa likitanta, ka faɗa masa shekara shida tana sha. Kada ta bar maganin asibitinta na gaɓoɓi ko na kwana ɗaya. Na san kan zai dawo yana sara mata, kuma ita za ta ji a jikinta ba mu ba, ka ba ta haƙuri a madadina, likita yana da abin da zai ba ta. Mai yiwuwa ne a gwada a ga babu komai, mafi yawan waɗanda suka sha ba abin da ya same su. Amma rigakafi ya fi magani. Ragowar garin kuma kada ku ba wa ma'aikatanku ko maƙwabta sai kun tambaye ni.

Abu na ƙarshe, ka kira Baba. Sau biyu Mama ta ga ya ɗauki waya zai kira ku ya ajiye. Ba ya iya buɗe baki ya nemi gafarar surukarsa, ka san halinsa, amma Mama ta ce ya ɗauko littafin da sunan Yaya Yumei yake ciki, shi kaɗai ya riƙe bai ba ni ba. Ya soke inda ya rubuta ta warke, ya bar wurin fili. Kullum da safe yana tambayar Mama ko an ji daga Kuala Lumpur, alƙalami a aljihu. In sakamakon ya fito, kowane iri ne, shi za ka fara faɗa wa kafin ni.

Ka gaishe mini da Yaya Yumei da kyau, da Haiyan da Zhenhua, da Kawu Shengli in yana nan wurinku har yanzu. Mama da Gwaggo Guilan suna gaishe ku, Dongmei da mahaifinta ma haka. Allah ya ba Yaya Yumei lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Mu Lanying