Ƙafarka ta Hagu

Zuwa ga ɗan'uwana Hamza,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da dangin da ka tarar a Kano. Na rubuto maka a fili inda kowa zai karanta, don saƙonnina sun taru a wayarka ba amsa, kuma ban ga laifinka ba.

Jiya mun hau dandamali a Abhur, bakin tekun Jidda. Irin wurin da muka shekara muna mafarki: iskar teku, fitilu, mutane zaune ba wanda ke waige-waige. Ni a kan ganguna, Faisal da jitarsa, sai wani mai jitar bes da muka samo ya tsaya a gurbinka. Mutumin kirki ne, hannunsa da tsafta. Amma ba kai ba ne.

Ka tuna sito ɗin bayan shagon kawun Faisal a Sharafiyya? Kowace Juma'a bayan la'asar, mu uku tsakanin kwalayen fanka, muna gauraya kiɗan jaz da na metal ba mawaƙi. Ummata ta leƙo sau ɗaya ta ce, "Wannan kiɗa ne ko tukwane ke faɗowa daga kanta?" Ka yi dariya har ka saki igiya.

A can ka ƙirƙiro mana "Sha Ɗaya". A tsakiyarsa akwai wurin da kowa ke kama gabansa: ni ina ƙirga sha ɗaya, Faisal yana bakwai, kai kana yawo a tsakani. Ba wanda ya san lokacin haɗuwa sai kai. Ka kan ɗaga diddigen ƙafarka ta hagu, in ka sauke shi, mu faɗa tare kamar an rufe ƙofa. Shekara huɗu ban taɓa ƙirga inda za mu haɗu ba. Ƙafarka kawai nake kallo.

Sau nawa na ce mu rubuta, ko mu ɗauka a waya? Kullum amsarka ɗaya: "Halas ya Bashir, ƙyale shi, bai nuna ba tukuna." Taurin kanka ke nan, ni kuma da lalacina na biye maka. Mun ɗauka lokaci namu ne. Mun manta iƙamarka, takardar zamanka a Saudiyya, ta mutu tun rasuwar mahaifinka, mun manta haihuwa a unguwar Hindawiyya ba takarda ba ce.

Ranar da 'yan sanda suka tare ka a hanya, mun zauna jiranka muna zaginka da latti. Jitarka tana jingine a bango, ka bar ta tun makon da ya wuce. Sai da aka kira magariba ƙanwarka ta bugo. Daga nan sai tarhil, gidan tara waɗanda za a kora, sai jirgi, sai ƙasar da ba ka taɓa gani ba, inda ka ce suna dariyar Hausarka.

Mun gwada kiɗan tare ta bidiyo, ka sani. Ka ɗora wayar a ƙasa tana kallon ƙafarka, amma kafin hoton ya iso mun riga mun wuce. Bayan gwaji na uku ka ce fatar yatsunka ta yi laushi, yanzu sitiyarin adaidaita suka sani. Tun daga nan ka daina amsa saƙo.

To jiya da muka iso wurin nan na tsakiyar "Sha Ɗaya", na waiga hagu. Wallahi da kaina wuyana ya juya. Na ga takalmin wani, a kafe. Na shigo inda na ga dama, Faisal ya shigo inda ya ga dama, muka watse kamar an zubar da tire. Ka san abin da ya fi ci mini rai? Mutane suka miƙe suna tafi. Wani har ya riƙe hannuna yana cewa wurin nan ya fi burge shi.

Ba wanda ya san mun yi kuskure, Hamza. Ashe mu uku ne kaɗai a duniya muka san yadda kiɗan yake, kuma ni na fara mantawa. Yau da safe na zauna in tuna, na kasa. Na yi kewarka, ina kuma jin haushinka, na rasa wanne ya fi.

Faisal ya ce mu cire shi daga jerinmu. Na ce to.

Jitarka tana ɗakina. Ina goge mata ƙura, ban taɓa igiyoyin ba.

Allah Ya sa ƙasar nan ta karɓe ka, Ya buɗa maka, Ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka. In da rabon mu sake tsayawa ɗaki ɗaya, Allah Ya sa kai ba ka manta ba.

Naka har kullum,
Bashir mai ganga
Hindawiyya, Jidda